Tarihin Ɗurin Harsashi da Hannu ga Tsohuwar Libarbar Amurka

Masu kallon majigin kaboyi, waɗanda suka saba ganin jarumi ya zaro libarba daga kube, ya ɗana gudumarta da babban yatsa, ya yi ta luguden wuta har ƙura ta lafa, da wuya ɗayansu ya tsaya ya tambayi kansa daga ina harsasan nan suke fitowa, alhali kuwa mutumin yana tsakiyar daji ne, tsakaninsa da kanti mafi kusa tafiyar kwana da kwanaki ce bisa doki. Jawabin wannan tambaya shi ne tarihin wata sana'a da ta daɗe a ƙasar Amurka, watau ɗurin harsashi da hannu, wadda larura ce ta haife ta tun farko, masana'antu suka yi kusan kashe ta, sa'an nan ilmin awo da kiyaye haddi suka raya ta har zuwa yau. Libarbar da muke magana a kanta kuwa ita ce irin ta dā, wadda dole ne mai harbi ya ja gudumarta baya da yatsa kafin kowane harbi, kunamarta ba ta da wani aiki sai sakin gudumar kaɗai.

Asalin al'amarin shi ne, a zamanin farko babu bambanci tsakanin mai harbi da mai ɗuri, domin haɗaɗɗen harsashi irin wanda aka sani yanzu bai wanzu ba tukuna. A shekarar 1807 wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotland, mai suna Alexander Forsyth, ya sami takardar haƙƙin mallaka a kan dabarar kunna albarushi da wani sinadari mai tashi da bugu, kuma daga wannan dabara aka samo 'yar hular jan ƙarfe da ake ɗorawa a bayan ɗakin albarushi, wadda ta maye gurbin dutsen ƙyastu. Da wannan hula ce Samuel Colt, mutumin garin Hartford, ya dogara sa'ad da ya sami tasa takardar a 1836, ya fara ƙera libarba mai ganga mai juyawa a garin Paterson. Kamfaninsa na farko ya karye a 1842, amma yaƙin Amurka da Meziko ya sake ɗaga shi, yayin da wani hafsan mayaƙan Teksas, Kyaftin Samuel Walker, ya taimaka masa suka tsara wata ƙatuwar libarba a 1847, gwamnati ta yi odar guda 1,000. Duk wanda ya sayi libarbar Colt ta wancan zamani, irin ta 1851 ko ta 1860, sau da yawa a akwati ɗaya yakan same ta tare da battar albarushi, da mazubin dalma, da gwangwanin huluna, domin bindigar ba ta da fa'ida in babu su. Sai ya auna albarushi ya zuba a kowane ɗaki na gangar, ya ɗora dunƙulen dalma a baki, ya danna shi da wani hannun ƙarfe da ke liƙe ƙarƙashin bututun, ya sa hula a baya, kamar dai yadda maharbinmu yake yi da adakarsa, illa dai shi wannan sau shida yake maimaita aikin.

Wannan hanya tana da illoli waɗanda ba su ɓuya ga masu aiki da ita ba. Damshi yakan kashe albarushi, hula takan faɗo ta shiga tsakanin ƙarafa ta hana gangar juyawa, wani lokaci kuma wuta takan tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki har biyu ko uku su tashi gaba ɗaya, abin da ya sa masu hankali suka riƙa toshe bakin kowane ɗaki da kitse. A lokacin yaƙin basasarsu, daga 1861 zuwa 1865, an sauƙaƙa wa soja wahala da ƙunshin takarda wanda aka riga aka auna albarushi a ciki aka manna dalma a kansa, ana ba shi shida-shida a fakiti, takardar kuma takan ƙone tare da albarushin. Ko da yake ba a lura ba a lokacin, wannan ƙunshi shi ne matakin farko na raba mai harbi da aikin awo.

Mataki na biyu ya zo ta hanyar wata rigimar shari'a. Wani ma'aikaci mai suna Rollin White, wanda ya taɓa aiki a masana'antar Colt, ya sami takardar haƙƙi a 1855 a kan gangar da aka huda ɗakunanta daga gaba har baya, yadda za a iya zura harsashi ta baya. Kamfanin Smith & Wesson ya karɓi izinin wannan dabara bisa sharaɗin biyan sa santi 25 a kan kowace libarba, ya fitar da tasa a 1857, sauran maƙera kuwa, har da gidan Colt, hannunsu ya ɗaure sai da wa'adin takardar ya cika a 1869. Harsashin da Smith & Wesson suka fara da shi, da kuma na bindigar Henry mai lamba .44, sinadarin kunnawarsu yana cikin leɓen gindin kwanson ne, saboda haka da zarar guduma ta murƙushe leɓen nan kwanson ya gama aiki, ba shi da makoma sai juji. Da wannan tsari ne ya ɗore, da sana'ar da muke ba da labarinta ta mutu tun ba ta yi suna ba, kowane maharbi ya zama bawan kanti.

Abin da ya cece ta shi ne dawo da hular kunnawa tsakiyar gindin kwanso, a cikin wani ɗan rami inda za a iya cire ƙonanniya a sa sabuwa. A shekarar 1866 mutum biyu suka sami takardu a kan irin wannan hula, kowa da tasa siga: Hiram Berdan, kanar na sojan Amurka, da Edward Boxer, kanar na ma'ajiyar makamai ta Woolwich a Ingila. A tsarin Berdan maƙerar da hular ke buguwa a kanta tana jikin kwanson ne, da ƙananan huji a gefenta, don haka fitar da tsohuwar hula aiki ne mai wuya. A tsarin Boxer kuwa maƙerar tana cikin hular kanta, huji ɗaya ne tak a tsakiya, da ɗan tsinken ƙarfe ake tunkuɗo ta waje. Cikin ikon Allah sai aka yi musaya, ƙasashen Turai suka rungumi dabarar Ba'amurke, Amurkawa suka rungumi ta Bature, kuma wannan yana daga cikin manyan sabubban da suka sa ɗurin hannu ya yi saiwa a Amurka fiye da ko'ina.

A kan wannan tushe aka gina libarbar da ta fi kowace shahara, wadda injiniyoyin Colt biyu, William Mason da Charles Richards, suka tsara, sojan Amurka suka karɓe ta a 1873, aka sa mata suna Single Action Army. Harsashinta, .45 Colt, asalinsa yana ɗauke da dalma mai nauyin ƙwaya 255 da baƙin albarushi ƙwaya 40, ita ƙwaya kuwa ma'auni ne na Turawa wanda 7,000 daga cikinsa ke cika laba guda. Sai dai hukumar soja ba ta daɗe ba ta rage wannan adadi, daga baya ma ta koma ga gajeren harsashi wanda zai shiga libarbar Colt da wata libarbar soja mai suna Schofield baki ɗaya, don kada a aika wa runduna abin da ba zai shiga bindigarta ba. Harsasan farko da ma'aikatar gwamnati ta Frankford ta yi wa soja ma ba su ɗuruwa, domin kwansonsu na jan ƙarfe ne, hularsu a ɓoye take daga ciki bisa tsarin wani hafsa mai suna Benét, sai wajen 1882 aka koma ga mai hula a waje. Saboda haka farar hula ne, ba soja ba, suka fara gane ni'imar da ke cikin kwanson da ake iya cikawa sau da dama.

Hujjarsu kuwa a bayyane take ga duk wanda ya san tsadar sufuri a yammacin Amurka kafin layin dogo ya game ƙasar. Kwanso shi ne mafi tsada a cikin rukunai huɗu na harsashi, kuma shi kaɗai ne ba ya ƙarewa da harbi; dalma ana sayenta sanda-sanda, albarushi a gwangwani ko a ƙaramar ganga, huluna kuma dubu guda ba su cika aljihu ba. Mafarautan ɓauna, waɗanda suka yi wa garkunan filayen yamma kisan israfi a shekarun 1870, sukan kwana suna cika kwansunan manyan bindigoginsu na Sharps a bakin wuta, har akan ga mai tono dalma daga jikin dabba ya sake narkar da ita. Kamfanin Winchester ya fitar da doguwar bindigarsa ta 1873 da harsashi .44-40, lambar farko faɗin dalma ce, ta biyu nauyin albarushi, kuma wajen 1878 Colt ya fara ƙera libarbarsa ta ɗauki wannan harsashi, ya kira ta Frontier Six Shooter. Wannan ya zama babban sauƙi ga makiyayi da mai haƙar zinariya, domin mazubi ɗaya da kayan ɗuri ɗaya sun wadatar da doguwar bindiga da gajeriya.

Kayan ɗurin kansu ba su fi cika jakar sirdi ba. Winchester ya fara sayar da nasa tun tsakiyar shekarun 1870, amma wanda sunansa ya fi ɗorewa a wannan babi shi ne John Barlow, tsohon ma'aikacin Winchester, wanda ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven a 1884. Abin da ya ƙera ya yi kama da awartaki mai hannu biyu: a jikinsa akwai ramin da ake zura kwanso a danna dalma, da wurin matsa sabuwar hula, wasu kuma har da mazubin dalma a ƙarshensu. Mai ɗuri yakan fara da wanke kwansunansa da ruwan sabulu, domin dattin baƙin albarushi yana cin tagulla. Ya narka dalma a ɗan tukunya, ya gauraya ta da ɗan kuza don ta yi tauri ta kuma cika mazubi. Ya shafe layukan jikinta da haɗin kitse da kakin zuma, wanda ke hana tokar albarushi daskarewa a bututu. Awo kuwa da ɗan ludayi ake yinsa, kuma a nan ne rahamar baƙin albarushi take, domin shi abu ne mai cika wuri, kwanson ma don shi aka yanka shi, ta yadda ko mutum ya so ya wuce haddi da yawa babu inda ƙarin zai shiga. Da haka jahili da masani suka yi kusan daidaita a sakamako, kwanson da kansa yana tsare mai gafala.

Wannan rahama ta ɗauke sa'ad da albarushi marar hayaƙi ya bayyana. Wani masanin sinadari na Faransa, Paul Vieille, shi ya fara haɗa irin wanda ya dace da bindiga a 1884, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ya isa kasuwar Amurka, inda kamfanin Laflin & Rand ya fitar da Bullseye a 1898 da Unique a 1900, waɗanda har yau sunayensu suna bakin masu sana'ar. Sabon albarushi ya fi tsohon tsabta da ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ƙarfin nan shi ne fitinarsa, domin ɗan kaɗan da bai kai rabin kwanson .45 ba yana yin aikin da cikakken kwanso ke yi a dā, saboda haka wanda hankalinsa ya tafi wani wuri yana iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya idonsa bai gane ba. Waɗanda suka yi ƙiyasi da abin da suka saba, suka auna sabon da ludayin tsohon, sun ga gangar libarba ta tsage, gadonta na sama ya tashi. Kamfanin Colt da kansa bai yarda ya lamunci libarbarsa da sabon albarushi ba sai a 1900, kuma har yanzu ijma'in masana shi ne duk wadda aka ƙera kafin wannan shekara ba a ba ta komai sai baƙin albarushi. Bugu da ƙari, zaibar da ke cikin hulunan dā, wadda tokar tsohon albarushi ke rufe sharrinta, sai ta fara shiga jikin tagulla tana sa kwanso ya yi gautsi ya tsage. Hulunan da suka gaje ta kuma suna barin gishiri mai jawo tsatsa, har sai da Remington ya fitar da Kleanbore wajen 1927.

Daga nan sana'ar ta sake kama. Mizani ya hau gaban ludayi, littafi kuma ya maye gurbin abin da mutum ya ga ubansa yana yi. Ɗan littafin jagora da Barlow ya fara bugawa ya bi kamfaninsa hannu zuwa hannu, daga Marlin da ya saye shi a 1910 zuwa Lyman da ya karɓe shi a 1925, yana ta ƙaruwa bugu bayan bugu. A 1926 masana'antun makamai da harsasai suka kafa ƙungiyar SAAMI domin daidaita girman kowane harsashi da iyakar matsin da aka yarda ya haifar, a 1937 kuma Philip Sharpe ya wallafa babban kundinsa, Complete Guide to Handloading. Ƙa'idar da ta kafu tun daga lokacin ta yi kama da ta masu ruwaya: ba a karɓar adadi sai an san wanda ya gwada shi, da bindigar da ya gwada, da na'urar da ta auna matsinsa, adadin da aka ji a bakin mutane ba tare da isnadi ba kuwa abin ƙi ne ko da mai faɗinsa dattijo ne.

Duk da haka ba a rasa masu ijtihadi ba, kuma shugabansu shi ne Elmer Keith, wanda aka haifa a 1899, ya tashi yana kiwon shanu a Montana, ya zauna a garin Salmon na jihar Idaho, ya rasu a 1984. Shi mutum ne mai son dalma mai nauyi da bugu mai ƙarfi, domin a wurinsa libarba kayan farauta ce da kiwo, kuma a shekarun 1920 wata Colt .45 ta fashe a hannunsa saboda ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Darasin da ya ɗauka shi ne, tun da girman gangar ɗaya ne, ramin .45 ya cinye ƙarfen da ke tsakanin ɗakuna, ramin .44 kuwa ya bar bango mai kauri. Sai ya koma ga harsashi .44 Special, ya tsara wata dalma mai faffaɗan goshi da kafaɗa mai kaifi, wadda Lyman ya yi mata mazubi mai lamba 429421, har gobe kuma da sunansa ake kiran wannan siga. Ya shekara kusan talatin yana rubutu yana roƙon masana'antu su fitar da harsashi mai irin ƙarfin da yake ɗurawa, har a ƙarshen 1955, shekarar da littafinsa Sixguns ya fito, Remington da Smith & Wesson suka amsa masa da .44 Magnum. Abin lura a nan shi ne, da suka tashi yin haka sai suka ƙara wa kwanson tsawo kaɗan da gangan, don kada ya shiga tsofaffin bindigogin da ba za su iya ɗaukarsa ba.

A tsakanin haka ita tsohuwar libarbar ta mutu ta kuma farfaɗo. Colt ya daina ƙera ta a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, bayan ya fitar da sama da 357,000, a zatonsa zamaninta ya wuce. Amma da wasannin kaboyi suka cika talabijin bayan yaƙi, jama'a suka shiga nemanta, sai William Ruger ya riga shi kasuwa da Single-Six a 1953 da Blackhawk a 1955, Colt kuma ya koma bakin aiki a 1956. Kayan ɗuri su ma suka yawaita suka yi araha, daga matsin tebur na RCBS, kamfanin da Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943, zuwa ɗan akwatin da Richard Lee ya fara sayarwa a 1958. Da Ruger ya fitar da Blackhawk mai ɗaukar .45 Colt a 1971, da ganga mai kauri da ƙarfe na zamani, sai wata mas'ala ta taso: harsashi ɗaya ne a suna da siga, amma bindigogin da ke ɗaukarsa sun bambanta a ƙarfi bambanci mai nisa. Masana'antu suka tsaya a kan haddin mafi rauni, watau matsin laba 14,000 a kan kowane murabba'in inci, domin ba su san hannun da harsashinsu zai faɗa ba. Littattafan ɗuri kuwa suka raba babin gida biyu, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya na bindigogi masu ƙarfi kaɗai, da gargaɗi a samansa. Har faɗin bututun ma ba ɗaya ba ne, domin na kafin yaƙi yakan kai inci .454, na bayansa kuwa wajen .452, don haka mai tsohuwar Colt yakan auna tasa ya zuba dalmar da ta dace da ita, abin da kanti ba zai yi masa ba.

Babin ƙarshe na wannan tarihi ya juya akalar baya. A farkon shekarun 1980 wasu mutane a kudancin Kalifoniya suka ƙirƙiro gasar harbi da makaman ƙarni na 19 cikin tufafin wancan zamani, suka kafa ƙungiyar SASS a 1987, kuma dokarsu ta wajabta dalma zalla, ta hana harsashin libarba wuce gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa, saboda faifan ƙarfe ake harbi daga kusa. Akasarin libarbobin da ake shiga gasar da su ko dai na Ruger ne ko kwaikwayon Colt da ake ƙerawa a Italiya, a masana'antu irin ta Uberti wadda aka kafa a 1959. Su waɗannan masu ɗuri sauƙi suke nema, ba ƙarfi ba. Wasunsu ma sun koma ga baƙin albarushi da kitse da kakin zuma, sun kuma sa an sake buga kwansunan da aka daɗe da daina yi, kamar .45 Schofield da .44 Russian, suna riƙe da al'adar magabata ta ɗura ɗaki biyar a bar guduma a kan na shida babu komai.

Idan aka dubi wannan tafiya ta shekara fiye da 150, za a tarar manufar masu sana'ar ta kasu kashi uku: na farko sun yi don rashin kanti, na tsakiya don neman abin da kanti bai yarda ya sayar ba, na yanzu kuma don raya abin da kanti ya manta da shi. Abin da bai sauya ba tun daga ranar da albarushi marar hayaƙi ya shigo shi ne sharaɗin ingancin aikin, watau mutum ya san bindigarsa, shekarar ƙirarta da irin ƙarfenta, ya san haddinta, ya tsaya a kansa. Waɗanda suka kiyaye wannan sharaɗi su ne suka bar wa jikokinsu libarbar 1873 tana aiki, waɗanda suka raina shi kuwa sun yi hasarar bindiga, wasunsu har da yatsu.